Yadda ake gudanar da zaman muhawara ga ɗaliban shekarar farko a jami'a

Ɗalibin da ya ci bak (jarrabawar kammala sakandare) ya shigo Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ya saba da hadda: malam ya faɗa, shi ya rubuta. Zaman muhawara aikinsa ya koya masa tambayar "wa ya faɗa, kuma me ya sa?"

Kada ɗalibai su wuce 18. A jera kujeru da'ira, malam ya zauna cikinsu. Awa 2 a mako ta isa. A raba fotokofi mako ɗaya kafin zama, shafi 3 kawai. In ya fi haka ba za a karanta ba.

Tarihin gida ya fi kama zuciya. A ɗauki faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, wadda ta sa gidan sarautar Haɓe ya yo arewa har aka kafa Maradi. A ba ɗalibai shafi daga littafin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, sannan kowa ya je ya nemo yadda dattawan garin nan ke ba da labarin. Bakin biyu ba zai zo ɗaya ba, kuma nan darasin yake. Minti 30 na farko, ba a yarda kowa ya ce "a ganina" ba: me rubutun ya ce, wa ya rubuta, yana ɓangaren wa, me ya yi shiru a kai? Sai bayan haka a buɗe tambayar ɗa'a: wanda aka raba da sarauta ya ci gaba da yaƙi, ɗan tawaye ne ko mai neman haƙƙinsa? Rabin aji su kare ra'ayin da ba nasu ba.

Shiru ne ke fara kashe zaman, domin kunyar musu da malam tarbiyya ce. A fara da tattaunawa bibbiyu na minti 5, da Hausa in Faransanci ya ɗaure harshe. Samari uku kan mamaye magana, ƴan mata su ja baya. A ba kowa tsakuwa 3, duk magana ya ajiye ɗaya. In gardama ta karkata zuwa asali ko aƙida, malam ya ce: "Nuna mana layin a takarda." Shi kansa ya danne amsarsa, don da ya furta ta za a kwafe.

A ƙarshen zama kowa ya rubuta rabin shafi. Maki na hujja ne, ko da malam bai yarda da matsayar ba.