Kurakuran da ke hana mutanenmu zama 'yan ƙasa a Birtaniya, da yadda za a gyara su

Yawancin kurakuran da ke sa a ƙi ba mutum takardar zama ɗan ƙasar Birtaniya ana tafka su ne shekaru kafin ya zauna cike fom. Ranar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta buɗe fayil ɗinka, tarihinka na shekarun da suka wuce take karantawa: tafiye-tafiyenka, harajinka, sunanka a kowace takarda, da abin da ka taɓa faɗa wa jami'in biza tun kana gida. Kuɗin neman kuwa ba kaɗan ba ne. A 2025 ya kai fam 1,735 ga babban mutum, har da fam 130 na bikin rantsuwa, kuma idan aka ƙi ka wannan 130 ɗin kaɗai za a mayar maka. Abin yana ci mini rai idan na ga magidanci ya tara wannan kuɗi da gumin aikin dare, sannan ya rasa shi a kan abin da za a iya gyarawa da biro da kalanda.

Mu fara da lissafin shekaru, domin a nan jita-jita ta fi yawa. Za ka ji an ce "ai in ka yi shekara biyar shi ke nan." Akwai mataki biyu. Na farko izinin zama na dindindin, wanda kowa ke kira ILR. Na biyu zama ɗan ƙasa, kuma sai ka riƙe ILR na tsawon wata 12 kafin ka nema, sai fa idan mijinki ko matarka ɗan ƙasar ne, to ba sai an jira ba, kuma zaman shekara uku ake dubawa. Sannan ba kowace biza ce ke kai mutum ga ILR a shekara biyar ba. Shekarun bizar karatu da na bizar da ake ba waɗanda suka kammala digiri ba sa shiga lissafin shekara biyar na bizar ƙwararrun ma'aikata, ko da yake suna shiga lissafin hanyar zaman shekara 10. Wanda ya yi digiri na biyu a Coventry, ya ƙara shekara biyu da bizar bayan karatu, agogonsa na shekara biyar bai fara tafiya ba sai ranar da ya samu bizar aiki. A watan Mayun 2025 kuma gwamnati ta fitar da takardar manufa da ke neman mayar da wa'adin ya zama shekara 10 ga mutane da yawa, saboda haka kada ka dogara da abin da wanda ya samu tasa a 2019 ya gaya maka. Buɗe shafin gwamnati na intanet ka karanta ƙa'idar da ke aiki a ranar.

Kwanakin da ka yi a waje

Mu mutane ne masu zumunci. Ana aurar da ƙanwa a Zariya, dole a je. Tsoho ya kwanta jinya a Katsina, ba a zama. Ga Umara a goman ƙarshe na azumi, ga aikin Hajji, ga hutun yara da ake kai su su ga dangi. Duk alheri ne, amma kowane kwana ana ƙirga shi. Ƙa'idar ita ce kada kwanakin da ka yi a wajen Birtaniya su wuce 450 a cikin shekara biyar, ko 270 a cikin shekara uku ga mai nema ta hanyar aure, kuma kada su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe. Wannan na ƙarshen shi ne ke kama mutane. Da zarar an samu ILR sai hankali ya kwanta, a tafi gida a yi wata huɗu ana duba ginin da aka fara, ba a san a cikin shekarar da ta fi kowace muhimmanci ake ba. A kan yi sassauci a wasu lokuta idan an ɗan haura, amma alfarma ce ta jami'i, ba haƙƙinka ba ne.

Akwai wata ƙa'idar da ta fi wannan ɓoyuwa. Dole ne ya zamana kana cikin ƙasar da ƙafarka a ranar farko ta shekaru biyar ɗin da ake ƙirgawa. Idan takardarka ta isa hannunsu ranar 10 ga Agusta 2026, za su duba ina kake ranar 11 ga Agusta 2021. In a ranar kana Kano wajen ɗaurin aure, an samu matsala, ko da sauran lissafinka tsaf yake. Gyaran ba shi da wuya ko kaɗan. Ɗauko tsohon fasfonka da sabon, ka bi hatiman shige da fice shafi-shafi, ka haɗa da tikitocin da ke cikin imel ɗinka, ka rubuta ranar fita da ranar dawowa ta kowace tafiya. Ranar tashi da ranar sauka ba sa cikin ƙidaya. Idan ka ga ranar da ka zaɓa ta faɗa cikin wata tafiya, jinkirta aika fom ɗin da mako biyu ko uku. Shi ya sa ba a yar da tsohon fasfo.

Wanda kuma ya ce ILR ta ishe shi, ya sani cewa tana mutuwa idan ya yi shekara biyu a jere a wajen ƙasar.

Suna da shekarun haihuwa

Nan ne na fi jin tsoro. Mutum ɗaya, a takardar sakandare Muhammad Sani, a fasfo Mohammed Sani Abdullahi, a lambar NIN an ƙara sunan garinsu a ƙarshe, takardar aure kuma ta ce Muh'd. A gida ba wanda zai ɗaga gira, kowa ya san shi ne. A can kuwa kwamfuta mutum huɗu take gani. Ofishin fasfo na Birtaniya yana so sunan da zai buga ya yi daidai da wanda ke cikin fasfonka na ɗaya ƙasar, don haka idan akwai saɓani, fara gyara na gida tukuna, ka tanadi takardar rantsuwar kotu da ta bayyana dalilin bambancin. Mata da suka koma amfani da sunan miji bayan aure su ma abin ya shafe su.

Shekaru sun fi suna haɗari. Wani an rage masa shekara uku tun lokacin neman aiki, wani ejan ne ya cike masa fom ɗin bizar farko ya rubuta cewa ba shi da aure, ko ya ɓoye cewa an taɓa hana shi biza. Duk waɗannan suna ajiye a fayil. Ramin ƙarya ƙurarre ne: idan aka kama yaudara a cikin neman, yawanci sai an shekara 10 kafin a sake sauraron mutum, idan kuma bayan an ba shi aka gano, sashe na 40 na Dokar Zama Ɗan Ƙasa ta 1981 ya ba da ikon ƙwace takardar. Idan ka san akwai irin wannan a tarihinka, kada ka aika komai sai ka zauna da lauya ka gaya masa gaskiya duka. Kana da damar neman kwafin bayanan da ma'aikatar ta ajiye a kanka, ka ga da idonka abin da aka rubuta da sunanka.

Haka batun kyawun hali yake. Tarar tuƙi guda da ka biya ba ta cika hana mutum ba, ɓoye ta ne ke jawo zargi. Rubuta komai: tuƙi ba inshora, hukuncin kotu ko na wace ƙasa ne, bashin haraji. Masu tuƙin tasi da masu kai saƙo da ke aikin kansu su tabbatar sun daidaita da hukumar haraji. Ɗalibin da ya riƙa wuce awa 20 na aiki a mako lokacin karatu ya karya sharaɗin bizarsa, kuma ana iya tuna masa. Tun Fabrairun 2025, wanda ya shiga ƙasar ta ɓarauniyar hanya yawanci ƙin sa za a yi, komai daɗewar abin.

Jarrabawa kuwa ba ta da wani sirri. Ta sanin rayuwar Birtaniya tambaya 24 ce a minti 45, ana bukatar ka ci 18, kuɗinta fam 50, kuma sakamakonta ba ya tsufa. Kuskuren shi ne rena ta, har likitoci suna faɗuwa a kan tarihin sarakuna. Na biyu shi ne zaton cewa tunda da Turanci aka koyar da kai a Najeriya ba ka bukatar shaidar iya Turanci. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa. Ko dai Ecctis, hukumar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance digirinka, ko ka ci jarrabawar Turanci ta matakin B1 a cibiyar da aka amince da ita. An ɗauke wa masu shekara 65 zuwa sama jarrabawar sanin rayuwar da shaidar Turancin duka.

Yara da iyali

"Ai a Landan aka haife shi." Wannan magana ta daina aiki tun 1 ga Janairun 1983. Yaron da aka haifa a Birtaniya yana zama ɗan ƙasa kai tsaye ne kawai idan a ranar haihuwar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin dindindin. Ɗan da ɗalibai 'yan Najeriya suka haifa ɗan Najeriya ne, kamar yadda sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya tanada. Amma ƙofa biyu a buɗe suke gare shi: idan uwa ko uba ya samu ILR kafin yaron ya kai 18, ana iya yi masa rajista, haka ma idan ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar. A 2025 kuɗin rajistar yaro ya haura fam 1,200, kuma tun 2022 iyalin da ba su da hali suna iya neman a yafe musu. Iyaye da yawa ba su san da wannan ba, sai yaro ya zo shiga jami'a abin ya fito fili.

Zamanka ɗan ƙasa kuma ba ya jawo 'ya'yan da ka haifa a gida kafin ranar rantsuwarka. Kowanne sai an nema masa daban, wanda ya cika 18 kuwa ya fita daga inuwarka, sai ya bi tasa hanyar. Idan kana da ɗan shekara 16 ko 17, shi za ka fara sa wa ido. Waɗanda ka haifa bayan rantsuwa, ko a Kaduna ne, 'yan ƙasa ne ta gado, sai dai gadon ba ya wucewa kai tsaye zuwa jikokin da aka haifa a waje.

Aure ma akwai abin lura. Wanda aka ɗaura a gida bisa shari'a ana karɓarsa idan da takardar shaida, amma ɗaurin aure a masallacin Ingila kaɗai, ba tare da rajistar hukuma ba, yawanci doka ba ta san da shi ba, kuma matar ce ke cutuwa ranar da za ta nemi takarda ko gado. Mai mace fiye da ɗaya ya sani cewa ɗaya kawai za a ba bizar aure. Kada wannan ya sa ka goge sunan amarya ko 'ya'yanta daga fom, domin ranar da za ka nema wa yaran takarda, fom ɗin da ka ce ba su wanzu ba shi za a ɗauko maka.

Fasfo biyu

Birtaniya ba ta ce ka ajiye ƙasarka ba. Tambayar tana wajen ƙasar taka. Ɗan Najeriya ta haihuwa yana riƙe duka biyun, sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya waɗanda suka samu zama 'yan Najeriya ta rajista ko nema ya taƙaita wa. Nijar ta halatta riƙe ƙasa biyu a 2014, Ghana kuma da dokarta ta shekarar 2000. Kamaru fa? Dokarta ta 1968 ta ce babban da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru. Ɗan'uwanmu na Garwa ko Ngaundere ya auna wannan da kyau kafin ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa, musamman in yana da gona ko gado a gida.

Kada ka bar koren fasfonka ya mutu don ka samu na Birtaniya. Da shi za ka shiga Najeriya ba tare da neman biza ba, kuma sabunta shi a ofishin jakadanci na Landan yana ɗaukar lokaci, ba abin da za a fara ana saura mako biyu biki ba ne. Ka kuma sani cewa idan kana Najeriya ɗan Najeriya ne kai, gwamnatin Birtaniya ba ta saba tsoma baki a lamarin mai ƙasa biyu a cikin ɗaya ƙasar tasa ba.

Saura 'yan ƙananan abubuwa na ƙarshen hanya. Mashaida biyu ake bukata, waɗanda suka san ka shekara uku, ba danginka ba, ɗaya mai sana'ar da aka amince da ita kamar likita ko malamin makaranta, ɗayan mai fasfon Birtaniya. Idan an amince, wata uku gare ka ka halarci bikin rantsuwa. Takardar da za a miƙa maka a wurin ba fasfo ba ce, ba a shiga jirgi da ita, kuma ILR ɗinka ta gama aiki daga ranar, don haka kada ka sayi tikitin zuwa gida sai fasfon ya iso hannunka. Wanda zai ba ka shawara a kan kuɗi kuwa, ya zama lauya mai rajista ko wanda IAA, hukumar da ke kula da masu ba da shawarar shige da fice, ta ba lasisi. Bayar da shawarar shige da fice ba lasisi laifi ne a can, ko da mutumin garinku ne kuma tare kuke sallar Juma'a. Tambaye shi lambar rajistarsa, ka duba ta a intanet kafin ka ba shi fasfonka.