Kafin ka zuba fandisho, ƙirga banɗaki

'Yan uwa masu shirin gina ɗakin taron biki a Katsina, ku daina cewa "biyu sun isa" da ka. Lissafi ake yi.

Fara da yawan mutanen da ɗakin zai ɗauka. A ƙa'idar gini ta Amurka, inda ake jera tebura da kujeru, ana ba mutum ɗaya kusan murabba'in mita 1.4. Ɗaki mai murabba'in mita 420 ke nan zai ci mutum 300. Raba biyu: maza 150, mata 150. Ƙa'idar aikin famfo da ake bi a Amurka, wato IPC (International Plumbing Code), ta ce a ɗakin walima banɗaki ɗaya ga mutum 75, wato biyu na maza, biyu na mata. In ɓurɓushi ya saura a lissafi, a cika shi zuwa sama.

Amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma ba don bikinmu aka tsara shi ba. Ranar kamu mata ne ke cika ɗaki maƙil, ga goyo, ga layi har bakin ƙofa da an kira magariba. Ni dai zan ninka na mata, in ware wurin alwala daban da famfo ƙasa-ƙasa daidai buta. Sannan a kai zanen hukumar tsara birane ta jiha ta duba.