Yadda Ake Fara Koyon Ƙira

Da yawa daga masu sha'awar ƙira suna zaton ƙarfin damtse ne jarin sana'ar. A ganina ido ne jarinta, domin wanda ya iya gane launin ƙarfe a cikin wuta, duka kaɗan ya ishe shi.

Fara da haɗa kaya: uwar maƙera, ko wani guntun ƙarfe mai nauyi mai shafaffen sama, gudumar da ba ta wuce kilo 1 ba, awartaki, zugazugi, gawayi, magagari da bokitin ruwa. Ka kare idonka da gilashi, ka sa tufafin auduga, don yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Ƙarfen koyo kuwa, nemi siririn rodi mai kaurin milimita 10. Ka guji duk ƙarfen da aka lulluɓe da zinki, irin bututun ruwa mai ƙyalli, saboda farin hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Sai hura wuta. Tara gawayi ya yi tudu, ka cusa bakin rodin a tsakiyar garwashi, ba a bakin hanyar iska ba, ka riƙa zuga a hankali. A inuwa za ka yi wannan aiki, domin hasken rana yana ɓoye launi. Ƙarfen zai fara yin ja mai duhu, ya yi jawur a wajen digiri 800 na ma'aunin Salsiyos, ya koma ruwan lemo, sannan ruwan ɗorawa a wajen digiri 1,100. Tsakanin lemo da ɗorawa nan ne yake laushi, nan ne ake fitar da shi. In ka ga ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone, sai dai a yanke wurin a yar. Da zarar ya koma ja mai duhu a kan maƙera, mayar da shi wuta. Dukan ƙarfe mai sanyi tsaga shi yake yi, ya kuma gajiyar da hannu a banza. Ka kuma sani, ƙarfen da ya koma baƙi yana iya zama da zafin sama da digiri 400, don haka kada ka ɗauki komai a maƙera da hannu sai ka tabbatar.

Darasin farko shi ne fitar da tsini. Ɗora bakin rodin a gefen maƙera, ka buga, ka juya kwata, ka buga, ka dawo da shi, har ya zama mai kusurwa 4 yana sirancewa. Daga nan ka daki kusurwoyin su zama 8, sannan ka mulmula shi. Mai gaggawar da ya tsallake wannan tsari yakan ƙare da tsini mai tsagewa a ciki. Lanƙwasa tsinin a gefen maƙera, ka samu ƙugiya. Yi ta maimaitawa har ƙugiyoyinka su riƙa fitowa iri ɗaya.

In hannu ya faɗa, sai a koma kan abu mai kaifi. Ƙarfe mai ƙarancin sinadarin kabon ba ya yin taurin kirki ko an tsoma shi a mai ko ruwa da zafinsa, shi ya sa ake neman tsohon sifirin mota ko tsohon magagari. Bayan ka ƙera wuƙar, ka zafafa ta har maganaɗisu ya daina kama ta, wato wajen digiri 770, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsoma ta a mai irin na girki, ba fetur ba, baki a ƙasa. Ajiye murfi kusa, don man yakan kama da wuta. Ruwa ya fi saurin sanyayawa, amma yakan fasa irin wannan ƙarfe.

A wannan lokaci wuƙar ta yi tauri amma tana iya karyewa kamar tangaran. Goge ta ta yi haske, ka ɗumama ta ta wajen gadon bayanta a hankali kana kallon bakin. In ya yi launin busasshiyar ciyawa, wajen digiri 230, sai ka sanyaya ta. In ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi laushi ga wuƙa. Daga nan sai wasawa da sa ƙota.