Yadda Za Ka Binciki Laftof Ɗin Da Ta Ƙi Tashi Kafin Ka Kai Ta Wajen Mai Gyara

Abin da ke ba ni takaici da ɗaliban da ke kawo min laftof a nan Jos shi ne kowa da magana ɗaya yake zuwa: "Malam, ta mutu." Sai ka danna maɓalli ka ji fanka na juyawa, fitila na ci, amma mai ita har ya fara tambayar kuɗin sabon bod (babban allon cikin kwamfuta) a kasuwar Terminus. Wani ma kafin ya iso an riga an yi mata fomatin, wato an goge komai an sake saka Windows, aikinsa na shekarar ƙarshe ya tafi, alhali matsalar ba ta ko kusanci Windows ba. Don haka kafin komai, danna maɓallin ka saurara, ka kuma duba. Shiru ne gaba ɗaya? Ko tana kamawa amma allo baƙi? Ko tambarin kamfanin yana fitowa sannan ta tsaya? Kowanne hanyarsa daban.

In shiru ne, ba fitila ba motsi, to caja ce abar zargi ta farko, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Suna ganin ai caja caja ce, in dai bakinta ya shiga. Juya bayanta ka karanta. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo 20V, Acer da Asus galibi 19V. Sai ka dubi wat, ko 45 ne ko 65 ko 90. Cajar da ta fi ƙarfin abin da kwamfutar ke buƙata ba ta da illa matuƙar bolt ɗin ya dace, amma wadda ta gaza ba za ta ɗauke ta ba. Yanzu haska tocilar waya cikin bakin cajar. A na Dell da na HP mai shuɗin baki akwai wata siririyar allura a tsakiya, da ita kwamfutar ke gane cajarta. In ta lanƙwashe ko ta karye, batir ba zai riƙa cika ba, yana ta raguwa har ranar da za ta yi shiru. Ga wata alama da nake so ka riƙe: in fitilar cajar Dell tana ci, amma da ka soka ta jikin laftof sai ta ɗauke, to akwai inda wuta ke haɗuwa a bod. Wannan kam sai mai gyara, kar ka ci gaba da sokawa.

Ni dai ba na yarda da cajar nan mai bakuna da yawa da ake cewa tana yi wa kowace kwamfuta. Arharta ce ke jan mutane, amma kuɗin bod ya ninka abin da ka rage. Ka ari ta wani mai irin kwamfutarka ka gwada, kyauta ne. Kuma ka soka kai tsaye a soket ɗin bango, ka bar ekstenshan da ƙaramin janareto tukuna.

Caja lafiya amma har yanzu shiru? Cire ta, cire batir in mai fita ne, cire filash da duk abin da ke maƙale. Danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja kaɗai ka kunna. Wannan na zubar da ragowar wutar da ta tsaya a ciki. In ka ga madannai ko wajen linzami ya ɗago, batir ne ya kumbura, daina amfani da shi nan take.

In kuwa tana kamawa allo baƙi, danna Caps Lock. Fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa da dannawarka? To kwamfutar na raye. Haska tocila dab da allon, in ka hango hoto dishi-dishi, hasken bayan allon ne ya mutu. Haɗa ta da talabijin ta HDMI ka tabbatar. In fitilar Caps Lock ɗin da kanta take ƙiftawa, ƙirga ƙiftawar ka nemi ma'anarta a shafin kamfanin.

In Caps Lock bai amsa ba, galibi dai RAM ce, wato ƴar siririyar ma'ajiyar wucin gadi da ke kan bod, musamman a kwamfutocin tokumbo da suka sha jijjiga a Keke Napep da ƙurar hunturu. Kashe ta, buɗe bayan, zare wayar batir daga bod tukuna. Taɓa ƙarfe kafin ka taɓa komai, domin irin tartsatsin nan da ke kama ka a ƙofar mota lokacin sanyin Jos ya isa ya lalata RAM. Ture ƙarafan gefe biyu, za ta ɗago da kanta. Riƙe ta ta gefe, goge haƙoran zinaren da kilinar fensir a hankali, share da busasshen ƙyalle. Ban da yawu, ban da fetur. Wajen mayarwa ne ake kuskure: a karkace za ka tura ta har zinaren ya kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa ka ji ƙas. Da yawa suna dannawa tun ba ta shiga ba, su ce sun gwada bai yi ba. In guda biyu ne, gwada ɗaya-ɗaya a kowane gurbi. Wasu siraran laftof RAM ɗinsu a manne take, waɗannan ka ƙyale su.

In tambari na fitowa, da sauƙi. Shiga BIOS, shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, ta hanyar danna maɓalli da zarar ka kunna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 ko F2 a Lenovo, ka ga ko tana ganin diski. In ba ta gani, cire shi ka mayar. In kwanan wata ya koma baya, canza ɗan batirin agogo da ke kan bod, galibi CR2032. In Windows ce ke tsayawa, kashe ta tana tsakiyar tashi har sau uku, shafin gyara zai buɗe da kansa.

In duk sun ƙi kuma dole sai fomatin, kar ka miƙa ta sai an ciro diskin an saka a gidansa na USB an kwashe maka fayilolinka a gabanka. In diskin ya nemi lambar BitLocker (makullin diski na Windows) mai alƙaluma 48, duba asusunka na Microsoft ta waya, yawanci can take ajiye.