Yadda Ake Gane Irin Kaza da Bambance Zakara Tun Suna Tsaki

Kafin ka tambayi ko tsako mace ne ko namiji, fara sanin irinsa, domin alamar da ke aiki a kan wani iri ba ta aiki a kan wani.

Ɗauki tsakon ka auna shi a tafin hannu, ka duba ƙafarsa. Buloila, wato kajin nama na kamfani, tsakonsa fari ne ko ruwan ɗorawa, ƙafarsa kakkaura, ƙirjinsa da faɗi, kuma cikin mako shida yana kaiwa wajen kilo 2. Kajin ƙwai, irin su ISA Brown da Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, ba su da wannan nauyi, ƙafarsu siririya ce. Noila, wadda ake kiwo don nama da ƙwai duka, launinta barkatai ne, ta fi kazar Hausa girma amma ba ta kai buloila saurin ƙiba ba. Kajin gida kuwa sanannu ne: ga fingi mai gashi a murɗe, ga durgu mai gajerun ƙafafu, ga mai wuya ba gashi, wadda ta fi sauran jure zafi.

A ranar ƙyanƙyasa launi ne alama mafi sauƙi ga mai saye, shi ma sai a kajin ƙwai na kamfani. A jajayen iri kamar ISA Brown, macen ja-ja take fitowa, namijin fari-fari. A baƙaƙen iri, namiji yana da ɗigon fari a ka. Nan ne ake cutar masu saye: a haɗa fararen mazan kajin ƙwai a sayar da sunan buloila. Sai an yi mako biyu ana zuba abinci ba a ga jiki ba, sannan a gane. Shi ya sa duba kaurin ƙafa kafin biyan kuɗi ya zama dole.

Ga kajin gida, haƙuri za ka yi zuwa mako na 5 ko na 6. Jera 'yan kwanci ɗaya, kada ka gwada da waɗanda suka girme su. Wanda zankonsa ya riga na sauran tasowa ya yi ja, naman ƙarƙashin bakinsa ya fara reto, galibi zakara ne. Zankon mace ƙarami ne, fari-fari, ba ya yin ja sosai sai ta kusa fara ƙwai.

Daga wata 3 gashi ne ke raba gardama. Buɗe gashin wuya da na gadon baya dab da wutsiya: na zakara dogo ne mai tsini da sheƙi, na kaza bakinsa a zagaye. Gashin wutsiyar zakara yana lanƙwasa kamar lauje. Cara tana biyowa a wata na 4 zuwa na 5.

Kada ka matse duburar tsako don neman alama. Aikin ƙwararru ne, hannun da bai saba ba yana iya kashe shi. Rataye tsako ta ƙafa ko duba tsinin ƙwai kuwa canki ne kawai.

Idan babbar kaza za ka saya don ƙwai, sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyu da ke gefen duburarta. In yatsu biyu ko uku suka shiga tana yi. In ɗaya ne kawai, ko ba ta fara ba ko ta tsaya.