Yadda zaka haɗa cajar waya a jikin mashin

Batirin mashin bolt 12 ne, in injin na aiki ma yakan kai wajen 14, waya kuma bolt 5 take sha, don haka kar ka kuskura ka jona ta kai tsaye, ƙonewa zatayi. Nemi cajar USB ta mashin mai rage wutar da kanta, da fiyus ɗan ƙarami na amfiya 2 ko 3, da salatif.

Ka fara kashe mashin ka cire kan batir na negatif, baƙar wayar nan.

Sai neman inda zaka ɗebi wuta, kuma nan mutane ke kwafsawa. In ka ɗaura a kan batir kai tsaye cajar zata dinga shan wuta ko mashin na ajiye, bayan 'yan kwanaki ka danna sitata shiru sai dai kik. Gara ka mayar da kan batirin na ɗan lokaci, ka ɗauki mita ta gwada wuta ka nemo wayar da bata kawo wuta sai an murɗa ki, ta hon ko ta fitilar birki galibi haka suke. Ta babbar fitila kam ka barta, a ƙananan mashina da yawa wutar AC ce ke bi ta nan, ba irin ta batir ba.

Ka sake cire negatif ɗin, jar wayar caja ta bi ta fiyus zuwa wadda ka samo, baƙar kuma a ɗaure jikin bodi inda babu fenti. Naɗe da salatif sosai, ka nisanta wayoyin da salansa da kan injin.

Mayar da batir, murɗa ki, gwada da tsohuwar waya tukuna.