Cuta a jirgin ruwan shaƙatawa lokacin annoba: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Daga Garwa, Marwa ko Injamena teku na da nisa, amma mutanenmu na shiga waɗannan manyan jiragen. Akwai 'yan kasuwar da ke ɗaukar iyali hutu idan sun je Dubai ko Turai, akwai samarin da ke aikin kicin da gyaran ɗakuna a ciki, akwai kuma masu ajans da ke haɗa tawaga su naɗa mata jagora. Su muke wa magana. Jirgin shaƙatawa na ɗaukar mutum dubu uku ko fiye, suna cin abinci a zaure ɗaya, suna riƙe ƙarfen matakala ɗaya, da yawansu kuma dattawa ne masu hawan jini ko ciwon suga. Asibitin cikinsa ɗan ƙarami ne, gadajensa kaɗan, iskar oksijin ɗinsa ƙayyadadda. Saboda haka kuskuren da za a iya gyarawa a gari, a tsakiyar ruwa yakan zama babba cikin kwana biyu ko uku.

Ɓoye ciwo

Nan kusan kowace ɓarna take farawa. Alhaji ya ji jikinsa da zafi, ya haɗiyi farasitamol kafin a zo awon zafin jiki, ya ce wa jagora: “Gajiyar tafiya ce kawai, Malam.” Hajiya kuma gudawa ta kama ta, kunya ta hana ta faɗa wa likita namiji. Dalilan a fili suke: tsoron a kulle mutum a ɗaki bayan ya biya kuɗi masu yawa, da tsoron kuɗin ganin likita, domin a jirgi magani ba kyauta ba ne. Ma'aikaci shi ma yana tsoron rasa aiki.

Wa'azi kaɗai ba ya gyara wannan. Sai an cire abin da mutum ke tsoro. Lokacin annoba a sa ganin likita kan zazzaɓi, tari, amai ko gudawa ya zama kyauta, a sanar da haka tun ranar shiga. Ma'aikacin da ya kwanta a ci gaba da biyansa. Jagoran tawaga ya samu mace ɗaya da mata za su riƙa faɗa wa damuwarsu. A kuma daina dogara da na'urar awon goshi a bakin ƙofa: zafi 38 alama ce, amma rashinsa ba shaidar lafiya ba ce. A jirgin Diamond Princess, wanda aka tsare a Japan a 2020, kusan rabin waɗanda gwaji ya nuna suna ɗauke da korona ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su. Wanda ya ji ba daidai ba ya zauna a ɗakinsa ya kira asibitin ta wayar ɗaki, kada ya tako ta tsakiyar jama'a ya je ya bi layi. Mai yi maka wanka ba a ɓoye masa cibiya.

“Zazzaɓin sauro ne”

Wannan kuskuren baki biyu gare shi, kuma mu mutanen Kamaru da Cadi ya fi shafa. Mu mun saba duk zazzaɓi mu ce maleriya ce, mu sha magani mu ci gaba da harka, alhali wataƙila cutar numfashi ce muke rabawa. Likitan jirgi kuwa, wanda hankalinsa ke kan annoba, yana iya killace mutum ya manta da maleriya ɗungurungum, ita kuma irin wadda muke da ita tana iya kisa cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya yi zazzaɓi, ya faɗa wa likita ƙasar da ya fito da ranar da ya baro ta, ya nemi a yi gwajin biyun. Samun ɗaya bai kore ɗayar ba.

Kulle kowa tare a kira shi killacewa

Wannan shi ne kuskure mafi tsada, kuma an gan shi a idon duniya. A ranar 1 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a jikin wani fasinja da ya sauka daga Diamond Princess a Hong Kong. Jirgin ya isa Yokohama a Japan ranar 3 ga wata, aka fara tsare fasinjoji a ɗakunansu ranar 5. Mutum 3,711 ne a ciki, 2,666 fasinjoji, 1,045 ma'aikata. Daga ƙarshe 712 suka kamu. Dubi kwanakin da suka wuce tsakanin samun labari da rufe zaurukan taro. A lissafin irin wannan cuta, kwana uku ko huɗu na cin abinci da nishaɗi tare ba ƙaramin abu ba ne.

Rufe ƙofar jirgi yana kare mutanen gari, amma ba ya kare na ciki. Abin da ke kare su shi ne raba mutane gida uku, kowane da wurinsa da ma'aikatansa. Na farko waɗanda suka kamu ko suke da alamomi: ɗaki na mutum ɗaya, da banɗakinsa, a ɓangare guda na jirgin, kusa da asibiti. Na biyu waɗanda suka yi cuɗanya da su. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da shi a korona shi ne wanda ya zauna ƙasa da mita 1 da mai cutar na minti 15 ko fiye, ana ƙirgawa tun kwana 2 kafin alamomi su bayyana. Abokin ɗaki, abokin teburi, mai gyara ɗakin da mai kawo abinci duk suna ciki. Na uku sauran jama'a. Ba a cika jirgi maƙil a lokacin annoba, domin in ba a bar ɗakuna a buɗe ba, ba inda za a kai kowa. Ɗaki mai baranda ya fi na ciki wanda ba shi da taga, injiniyoyi kuma su sa na'urar iska ta riƙa jawo ta waje maimakon juya ta ciki.

A nan ne al'adarmu take cin karo da ƙa'ida. Miji ya kamu, matar ta ce: “Maigida na kwance, ina zan je?” Idan yana iya kula da kansa, a raba su, musamman in tana da suga ko ta haura shekara 60. Idan ba ya iyawa, ko yaro ne, mutum ɗaya tak ya zauna da shi, da takunkumin likita a fuska, kuma daga nan shi ma ana ƙirga shi cikin masu cuɗanya. Dubiya ta koma ta waya. Cin abinci a faranti ɗaya, buta ɗaya ta alwala, jam'in salla a ɗakin wani, duk a dakatar. Ba sabon abu ba ne a addini, domin hadisi ingantacce ya hana kai mai cuta cikin masu lafiya.

Mantawa da ma'aikata

Fasinja na ɗaki a kulle, amma wa ke dafa abincin, wa ke kai shi ƙofa-ƙofa sau uku a rana? Ma'aikata suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna na ƙasan jirgi, suna ci a wuri ɗaya. A Diamond Princess sun ci gaba da aiki, kuma cikin na farkon da suka kamu a cikinsu yawanci masu aikin abinci ne. Gyaran shi ne a raba su rukuni-rukuni, masu hidimar marasa lafiya ba sa shiga ɓangaren masu lafiya, ba sa kwana da su, ba sa ci tare. Abinci a ajiye a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja baya. Ma'aikacin da ya yi amai ko gudawa ba ya taɓa abincin kowa sai ya cika awa 48 da warkewa.

Safar hannu ma tana yaudara. Wanda ya sa guda ɗaya ya zaga ɗaki goma ya fi mai hannu tsirara da ke wankewa haɗari. Kowane ɗaki da tasa. Wajen cirewa ake kamuwa: a fara da safar hannu da riga, a wanke hannu, a cire tabarau, takunkumi shi ne na ƙarshe, a kama shi ta igiya, a sake wanke hannu.

Ruwan jabel ba da awo ba

Wasu na tsiyaya jabel, wato ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, da ido har ƙamshi ya tashi, wasu na ɗiga kaɗan don kada ya ƙare. Duka biyun kuskure ne. A duba ƙarfin da ke jikin kwalba. Don goge teburi, mariƙin ƙofa da makunnin wuta ana son kashi 0.1 cikin ɗari. Don amai, bayan gida ko jini, kashi 0.5. In jabel ɗin mai kashi 5 ne, awo 1 a ruwa awo 49 ya ba da na farko, awo 1 a ruwa awo 9 ya ba da na biyu. In mai kashi 2.6 ne, awo 1 a ruwa 25, da awo 1 a ruwa 4. A fara kwashe ƙazantar da takarda ko tsumman da za a zubar, a wanke da sabulu, sannan a zuba jabel, domin datti yana kashe ƙarfinsa. A wurin amai a bar shi minti 10 kafin a goge. A haɗa sabo kullum, a ajiye shi a rufe nesa da rana, kada a gauraya shi da wani maganin wanki don yana fitar da iska mai guba. Fesa wa mutane jabel a jiki ba ya maganin komai sai ƙona ido da huhu.

Ba kowace cutar jirgi ce ta numfashi ba. Akwai kuma amai da gudawa ta ƙwayar norobairos, mai bayyana awa 12 zuwa 48 bayan kamuwa. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya yi mata sosai, sai ruwa da sabulu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin ba ya taɓa ta, ba ya taɓa korona. Abin da mai ita ke buƙata ruwan gishiri da suga ne: ƙulli 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Zanen gado da tawul a sa a leda ba tare da kaɗawa ba, a wanke da ruwa mai zafin 60 ko sama.

Killace mutum a manta da shi

Dattijo shi kaɗai a ɗaki yana iya lalacewa ba wanda ya sani, don korona kan rage iskar jini mutum bai ji wani ƙunci ba. A duba shi aƙalla sau biyu a rana da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Ta nuna 94 ko ƙasa, a kira likita. Ƙasa da 90, ko numfashi ya haura 30 a minti, ko ya fara ruɗewa, wannan na asibitin tudu ne, kuma shirin fitar da shi tun kafin a kai nan ake farawa, tunda tashar jirgi na iya zama tafiyar yini guda.

Maganin yau da kullum shi ma yana ƙarewa. Mutum ya ƙirgo ƙwayoyin hawan jini na kwana 7 daidai, sai tsarewa ta ƙara masa 14. A ɗauki ƙarin na mako biyu, a jakar hannu, da takardar likita mai sunan maganin na asali, domin sunan da kantin magani na Garwa ya sani ba lallai likitan jirgi ya san shi ba. Inshorar tafiya kuma a karanta ta: wasu ba sa biyan abin da ya shafi annoba ko ɗaukar mara lafiya daga teku.

Sauke kowa a watse

Wasu da suka ga abin da ya faru a Yokohama sai suka ɗauka mafita ita ce a buɗe ƙofa da wuri. Gudun gara aka faɗa gidan zago. Ranar 19 ga Maris 2020 jirgin Ruby Princess ya sauke fasinjoji kusan 2,700 a Sidni ta Ostireliya alhali sakamakon gwajin wasu marasa lafiya bai fito ba. Suka hau motoci da jiragen sama suka bazu, daga baya aka alaƙanta mutuwar mutum 28 da jirgin. Saukewa daidai ce, amma da tsari. Dokokin lafiya na duniya na 2005 sun ɗora wa kyaftin ya sanar da hukumar tasha halin lafiyar jirginsa kafin ya iso, kuma rage adadi don a samu izinin tsayawa laifi ne da ke komawa kan mutanen gari. Masu tsanani su fara fita ta hanyarsu daban zuwa asibiti, sai masu cuɗanya zuwa masaukin da aka tanada, sai sauran bayan sakamako ya fito.

Jagoran tawaga ya riƙe rajista: suna, lambar ɗaki, teburin cin abinci, lambar waya mai aiki, unguwa da gari. “Kusiri” kawai ba adireshi ba ne. Wannan rajistar ita za ta yi amfani a sauran tafiyar, domin wanda ya sauka a Duwala ko Yawunde yana da jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, mutum biyu ko huɗu a ɗan ɗaki, sannan mota cike zuwa Garwa ko Marwa. Mai cuɗanya da bai cika kwanakinsa ba kada ya shiga wannan hanyar. A korona ta farko kwana 14 ne, a wata cutar hukumar lafiya ce za ta faɗa. In ya iso gida, masu zuwa sannu da zuwa su yi haƙuri su dakata, tsarabar a raba ta daga baya. Zazzaɓi ko tari ya taso a cikin makonni biyun, a kira asibiti kafin a je, a faɗa musu sunan jirgin da ranar sauka.